Amsa ga 'yar'uwar da ƙaninta ya ce yana jin kansa mace

'Yar'uwa, kin tambaya ko abin da ƙaninki ya faɗa miki, cewa tun yana yaro yake jin kansa mace, alamar taɓin hankali ce. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan yanayi daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa, kuma sabon kundin nata ya fara aiki a 2022. Wannan yanayi ya bambanta da na mata-maza, wanda ya shafi halittar jiki, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani a kansa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kaɗaici da tsangwama, domin kowa ya san irin wulaƙancin da 'yan daudu suke sha a garuruwanmu, kuma wanda danginsa suka juya wa baya yakan faɗa cikin matsananciyar damuwa. Ba sai kin yarda da duk maganarsa ba kafin ki saurare shi. Ki riƙe sirrinsa, kada ki sa sunansa ko hotonsa a intanet. Idan ya daina cin abinci ko ya fara ambaton kashe kansa, ki raka shi wajen likitan ƙwaƙwalwa a ranar.