Amsar tambayar reduce, deduct da decline

Assalamu alaikum jama'ar gida. Na ji saƙon ƙaninmu, wai reduce da decrease da deduct da decline duk abu ɗaya ne, ko da bambanci. To ƙanena, ni na san ba jarrabawa za ka zauna ba. Albashinka aka taɓa a kamfani, kana so ka rubuta musu takarda, kana tsoron kar a yi maka dariya a ofis. Ko ba haka ba? Yawwa. To kalmarka ita ce deduct. Ita kaɗai. In an zaftare wani abu daga kuɗin da ya kamata a ba ka, kafin ya shigo hannunka, deduction ke nan. Harajin PAYE, wanda ake cira daga albashi, deduction ne. Kuɗin fansho deduction ne, dokar tarayya ta 2014 ta ce ma'aikaci kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki kashi 10. In ka rubuta musu they reduced my salary, ka faɗi wani abu daban, ka ce an rage maka ainihin albashin, daga yanzu ya koma ƙasa ke nan. Sai akanta ya buɗe littafi ya ce Malam albashinka yana nan yadda yake, ya sallame ka, kai kuma kuɗin da aka zaftare maka sun tafi.

Abin da nake gaya wa ɗalibai tun ina riƙe da alli shi ne, kar ka haddace su a jere kamar 'yan gida ɗaya. Ka tambayi kanka, akwai hannun wani a ciki, ko abin ne ya ragu da kansa? Mu ma ai muna da wannan, rage daban, ragu daban. Reduce yawanci sai da mai yi, wani ya rage farashi, likita ya ce ka rage gishiri. Decline kuwa, in ana nufin raguwa, ba ta ɗaukar hannun kowa. Ciniki ya ja baya, lafiyar dattijo ta ja baya a hankali, masaƙun Bompai da Sharaɗa suka yi ta durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, wannan shi ne decline. Ba ka cewa I declined the price kana nufin ka rage kuɗi. In ka faɗi haka, Bature zai ji cewa an yi maka tayi ka ƙi. Don decline tana da fuska biyu, ja da baya da kuma ƙin karɓa cikin ladabi. Shi ya sa in ka sa kati a POS ta rubuto declined, ba kuɗinka ne ya ragu ba, ƙin biya aka yi. To, wani lokacin kuma a ƙi biyan a kuma cire kuɗin, wannan debit ne, sai ka yi ta sintiri a banki. Bar wannan.

Decrease ita ce mai sauƙin kai, tana shiga nan tana shiga can. A'a tsaya, kar in ce ko'ina, ba ta shiga gurbin deduct, kar ka je ka rubuta ta a takardarka ka ce ni na ce.

Amma wallahi abin da ya fi ci mini rai ba manyan kalmomin ba ne, 'yan ƙananan nan ne, by da to. Akwai wani aminina a Kantin Kwari, atamfa yake sayarwa. Wani abokin cinikinsa daga Kudu ya ɗauki kaya, turmi naira dubu goma a lokacin, ya yi ta roƙon ragi. Alhaji ya ce a rage masa dubu biyu a kowane turmi, ya sa yaron shago ya rubuta masa. Yaron nan, wanda kullum yake mana taƙama da ya gama sakandare da kiredit a Turanci, ya rubuta reduced to 2,000. Reduced by 2,000 na nufin an cire dubu biyu, saura dubu takwas. Reduced to 2,000 na nufin turmin ya koma dubu biyu. Harafi biyu fa jama'a! Mutumin nan ya riƙe saƙon ya ce shi abin da aka rubuta zai biya. Sai da dattawan layi suka zauna, ni aka kira in fassara. Da na gaya wa yaron kuskurensa, sai ya ce mini wai ai duk ɗaya ne, Turancin da ne nake yi. Turancin da! A gaban mutane! Har yau in na bi ta layin nan sai ya sunkuyar da kai, ni kuma ban ce masa komai ba, Allah ya shirya. Kuma abin haushi, Alhajin bai kore shi ba, ni ne ma ya ce na cika tsanani. To.

Ina muke? Yawwa, subtract. Wannan ta ajin lissafi ce, ɗebewa. Ka lura da juyin, subtract 3 from 10, goma ce uwar kuɗi, uku ake ɗebewa, saura bakwai. Yara da yawa suna juya ta. Remove kuma cirewa ce ɗungurungum, a ɗauke abu daga wurinsa. Ranar 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya yi jawabin kama mulki, tallafin mai ba rage shi ya ce an yi ba, cewa ya yi ya tafi, shi ya sa jaridu suka yi ta rubuta subsidy removal. Withdraw kai ne ka ciri kuɗinka da hannunka. Discount rangwame ne, wanda kake nema a kasuwar Singa kana marairaicewa.

Masu zuwa Wapa canjin kuɗi kuma, ku ji wannan. Depreciate, naira ce ta faɗi da kanta a kasuwa. Devalue, hukuma ce ta karya darajarta, kamar zamanin SAP, shirin gyaran tattalin arziki na Babangida, a 1986. A watan Yunin 2023 da Babban Banki ya saki farashi, dala a hukumance ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 700 cikin 'yan kwanaki. Ka ga nan ma tambayar ɗaya ce, akwai hannun wani ko babu.

Sai masu turo mana labari a nan gidan, wai inflation has declined, wai kaya sun sauka, har da Alhamdulillahi da hoton tafi. Dan Allah ku daina. Saurin hauhawar ne ya ragu, ba farashin ba. Kamar mota ce direba ya sassauta ƙafa a kan totur, tana tafiya gaba dai, ba baya take komawa ba. In kana so ka san ko farashi ya sauka, je Dawanau ka tambayi buhun gero, can ne za ka ji ko prices fell ko ba su fell ba.

Irin su diminish, dwindle, abate, ka bar wa 'yan WAEC, ba ka buƙatarsu a takardar ofis. Ka rubuta gajere, adadin da aka cire, watan da aka cire, sannan ka ce kana neman explanation for the deduction, ka haɗa da takardar albashin watan da ya wuce su gani da idonsu. Kuma ka duba abin da waya ta gyara maka kafin ka tura, don tana son mayar da deduct ta koma deduce, ita kuma wannan gano abu ne ta hanyar tunani, ba ruwanta da kuɗi.