Mata nawa ne ke shan taba a duniya?

Tambaya: Gardama ta kaure a gidanmu. Yayana ya ce yanzu mata sun kamo maza wajen shan sigari a duniya, ni kuma na ce ko kusa. Wa ya yi gaskiya?
Wata ɗaliba daga Gusau

Amsa: Ke ce da gaskiya, amma kada ki yi saurin yi wa Yaya dariya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun nuna mutum kusan biliyan 1.25 ne ke amfani da taba, kuma mata a cikinsu miliyan 224 ne. Wato kashi 7.4 cikin 100 na matan da suka kai shekara 15, alhali maza kashi 34 ne. A shekarar 2000 adadin matan ya haura kashi 16, saboda haka raguwa yake yi. Lissafin ya haɗa da masu taunawa da masu shaƙa, ba masu busa hayaƙi kaɗai ba.

Inda maganar Yaya ta samu gindin zama shi ne Turai. A can kusan mace ɗaya cikin biyar ce ke shan taba, a Sabiya da Bulgeriya kuwa abin ya wuce ɗaya cikin huɗu. Sin ta sha bamban: rabin mazanta na sha, matan kuwa wajen biyu cikin ɗari. A Najeriya, binciken ƙasa na 2012 ya samu kashi 7.3 na maza suna busawa, mata kashi 0.4.

Turawa ma ba haka suka taso ba. Kamfanonin taba ne suka yi farautar matansu. A 1929 an ɗauko 'yan mata suka kunna sigari a bainar jama'a wajen wani faretin Ista a birnin New York, aka ce alamar 'yanci ce. A 1968 aka fito da sigarin Virginia Slims, siririya, takanas don mata. Ciwon ya ɗauki shekaru kafin ya bayyana: daga 1987 sankarar huhu ta zarce ta mama wajen kashe mata a Amurka.

Wannan kashi 0.4 namu dai a yi taka-tsantsan da shi. Mai bincike gida-gida yake bi yana tambaya, to wace matar aure ce za ta amsa masa da "e" ga uwar miji zaune a tsakar gida? A Koriya ta Kudu an gwada: mata kashi 5.9 ne suka amsa suna sha, da aka auna fitsari sai aka samu kashi 13.9. Ga kuma tsohuwar da ke cusa taba gari da kanwa a kumatu, da budurwar da ke zuƙar shisha. Duka biyun za su rantse ba su shan taba.

Tambaya: Shin illar taba ga mace ta bambanta da ta namiji?
Wani mai kemis daga Maraɗi

Amsa: Huhu da zuciya duk ɗaya ne, sai dai mace na da ƙari. Wanda ya fi shafar sana'arka, Malam, shi ne ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istrojin. Ita da taba kowacce na sa jini saurin daskarewa, idan suka haɗu sai hatsarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru. Macen da ta kai shekara 35 tana shan taba ba a ba ta wannan ƙwaya. A tura ta asibiti a zaɓa mata wata hanya. Ka tambayi mace a kaɗaice ko tana shan taba, ka kuma ambaci shisha da sunanta.

Ga mai ciki, sinadarin nikotin da ke cikin taba na matse jijiyoyin mabiyiya, iskar guba ta hayaƙi kuma na ƙwace gurbin iskar da jariri ke buƙata a jini. Shi ya sa yakan zo da raguwar nauyi ta wajen giram 200, ga hatsarin bakwaini da ciki a wajen mahaifa. Al'ada ma takan ɗauke da wuri da shekara ɗaya zuwa biyu.

Wani bincike a Birtaniya kan mata fiye da miliyan ɗaya ya gano mai sha na asarar aƙalla shekara 10 na rayuwa, amma wadda ta daina kafin ta cika 40 ta kauce wa fiye da kashi 90 na wannan ƙarin hatsari.