Me Ya Sa Kwamfuta Ta Raba Mini Kalmar "Project" Gida Biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina buga aikin bincikena na kammala digiri a Microsoft Word, sai kalmar "project" ta faɗo ƙarshen layi, kwamfuta ta raba ta "pro-" a sama, "ject" a ƙasa. Malamin da ke duba aikin ya zagaye wurin da jan biro. Laifina ne ko na kwamfuta? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malaminka na da hujja, amma ita ma kwamfutar a yi mata uzuri, domin kalmar fuska biyu gare ta. Idan suna ce, wato shiri ko aikin bincike irin naka, ƙamus ɗin Merriam-Webster na Amurka yana raba ta proj-ect, nauyin murya a gaɓar farko. Idan kuwa aikatau ce, kamar a haska hoto a bango da majigi ko a yi hasashen abin da zai zo, sai ta koma pro-ject, nauyin ya koma gaɓa ta biyu. Haka "record" da "present" suke. Kwamfuta jerin haruffa take bi, ba lalle ta gane wacce kake nufi ba. Tun a 1983 Frank Liang na Jami'ar Stanford ya tsara hanyar raba kalmomi da manhajar tsara rubutu mai suna TeX ke amfani da ita, kuma a can an sa "project" da "present" cikin kalmomin da ba a raba su sam. An ga gara a bar su a dunƙule da a yi kuskure.

Mu Hausawa abin yana ba mu wahala ne don gaɓarmu a fili take. Ɗan aji biyu ma zai tafa maka ma-ka-ran-ta ba gargada. Turanci kuwa, kalmar "strengths" haruffa 9 ce amma gaɓa ɗaya, babu inda za ka sa mata wuƙa. Su kansu masu harshen ba su daidaita ba: Amurkawa kan raba knowl-edge bisa furuci, mutanen Ingila kan bi tushen kalma su rubuta know-ledge.

Gyaran ba wuya. Shiga Layout, ka danna Hyphenation, ka zaɓi None, rabawar ta tsaya gaba ɗaya. Ni dai wannan nake ba ɗalibai shawara, sai fa in rubutun siraran ginshiƙai ne irin na jarida. In kana son rabawar amma kai ne mai yanke hukunci, zaɓi Manual, zai riƙa tambayarka kalma bayan kalma. Abin da nake roƙonka kada ka yi shi ne sa karan ɗori da hannunka. Na taɓa ganin aikin wata ɗaliba da aka canza wa girman haruffa a shagon buga takardu, sai ga "develop-ment" da "govern-ment" zaune daram a tsakiyar layi, shafi bayan shafi. Maimakon haka ka riƙe Ctrl ka danna karan ɗori, wannan ɓoyayye ne, ba ya fitowa sai kalmar ta kai bakin layi.

Tambaya: Malam, na karanta a wayata cewa wani ɗan ƙwallo ya yi "re-sign", na ɗauka ya bar ƙungiyar, ashe yana nan. Ina bambancin? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malama, ɗan karan nan ne ya juya maganar. "Resign" a haɗe murabus ne, "re-sign" kuwa sake sa hannu a kwantiragi. Haka "recover" warkewa ce ko dawo da abu, "re-cover" sake rufewa. Idan kin yi shakka, rubuta define sannan kalmar a Google, ki danna alamar lasifika ki saurara: a murabus sautin "z" za ki ji a tsakiya, a sabunta kwantiragi kuwa "s" ce.