Mahaifina yana cikin doguwar suma, shin yana jin muryata?

Tambaya: Likita, yau kwana tara ke nan mahaifina yana kwance a sashen kulawa ta musamman bayan hatsarin mota, har yanzu bai farfaɗo ba. Kullum nakan zauna kusa da shi in yi masa hira, wani lokacin in kunna masa waƙar da yake so. Yayana ya ce wahalar banza nake yi. Don Allah yana jina kuwa?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Ki ci gaba da yi masa magana, ba wahalar banza kike yi ba.

Ido yana da murfi, kunne kuwa a buɗe yake dare da rana. Sauti yana shiga, jijiyar ji ta kai shi gindin ƙwaƙwalwa ko da mutum ba ya cikin hayyacinsa. Ko saƙon zai ƙarasa inda ake gane ma'anar magana, wannan ya danganta da wurin da raunin yake da kuma zurfin sumar. Muna auna zurfin da ma'aunin Glasgow, wanda aka fito da shi a 1974, daga maki 3, wato suma mafi zurfi, zuwa 15, wato cikakken hayyaci. Ki tambayi likitansa makinsa nawa, kuma ko ana ba shi maganin sa barci, domin shi ma yana danne motsi.

A da, wanda bai motsa ba akan ɗauka ba ya ji. A 2006 wani masanin ƙwaƙwalwa mai suna Adrian Owen da abokan aikinsa a Ingila suka sa wata budurwa da ta yi watanni ba ta amsa kowa cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, suka ce ta raya a ranta tana buga wasan tanis. Nan take sashen da ke tsara motsi ya kama aiki kamar na mai lafiya. Wani babban bincike na 2024 ya duba irin waɗannan majinyata 241, aka samu 60 ƙwaƙwalwarsu tana bin umarni alhali jikinsu shiru. Kusan ɗaya cikin huɗu ke nan, kuma wannan adadi ya isa ya sa kowa ya lura da abin da yake faɗa a gefen gado.

Muryar da aka saba da ita ta fi ta baƙo tasiri. A Amurka, wata mai bincike, Theresa Pape, ta sa iyalai suka naɗi labaran da majinyacin ya sani, ana kunna masa sau huɗu a rana har mako shida. Waɗanda suka saurara sun fi saurin nuna alamun farfaɗowa. Sai dai mutum 15 kacal aka yi gwajin da su, shi ya sa ba zan ce miki murya magani ce ba. A Faransa ma an ga cewa idan aka fara sa wa majinyaci waƙar da yake ƙauna, ƙwaƙwalwarsa takan fi amsawa idan aka kira sunansa.

Idan kin shiga, ki riƙe hannunsa, ki faɗi sunanki, ki gaya masa ranar da ake ciki, da irin muryar da kike masa magana kullum. Mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda. Waƙar ta kasance a hankali, minti goma zuwa sha biyar, sai a bar shi ya huta. Ki nemi izinin ma'aikatan jinya tukuna, saboda a kwanakin farko ƙwaƙwalwar da ta kumbura tana bukatar shiru. Maganar ko zai tashi ko ba zai tashi ba, a fita waje a yi ta.

In ya matse miki yatsu, na san yadda zuciyarki za ta buga. Wani lokacin jiki ne ke yin haka da kansa. Ki ce masa, "Baba, saki hannuna." In ya saki, kika maimaita ya sake yi, maza ki kira ma'aikaciyar jinya ta gani, ta rubuta lokacin.