Ma'aikaci ne ni ko ɗan kwangila?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai gyaran kwamfuta ne a wani kamfani a nan Yamai. Kullum ƙarfe takwas nake shiga, sai an sallame ni nake tashi, kayan aikin ma nasu ne. Amma takardata an rubuta "prestataire", wato ɗan kwangila, suna yanke wani abu a kuɗina da sunan lanho, kuma ba su sa ni a CNSS, asusun fansho da kariyar ma'aikata, ba. Wai a ina nake a idon hukuma?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bisa abin da ka faɗa, kai ma'aikaci ne aka sa wa rigar ɗan kwangila.

Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ba ta tsaya kan sunan da aka rubuta a takarda ba. Ma'aikaci a wurinta shi ne wanda ya sa ƙarfinsa ƙarƙashin umarni da ikon wani don a biya shi. Don haka mai bincike zai tambaya: wa ke tsayar maka da lokacin shiga da fita? Wa ke cewa yi kaza, bari kaza? In ka makara ana iya hukunta ka? Za ka iya tura yaronka ya yi aikin a madadinka, ko ka karɓi aikin wani kamfani ba tare da neman izini ba? Ɗan kwangila na gaskiya sakamako kawai ake jira daga gare shi. Shi ke yanka farashi, shi ke kawo kayan aiki, riba tasa, hasara tasa.

Ta fuskar haraji, hanyoyin biyu ba sa haɗuwa. Ma'aikaci harajin albashi ake cire masa, wato ITS, maigida ne ke kai shi DGI, hukumar haraji ta ƙasa. Mai zaman kansa kuwa sai ya yi lambar NIF ta shaidar mai biyan haraji, ya riƙa ba da takardar cajin aikinsa, ya biya nasa harajin da kansa. Abin da ake yanke maka, mai yiwuwa kafin alƙalami ne na harajin riba, kuma marar NIF ya fi shan yanka. Ka nemi takardar shaidar kowane yanka, haƙƙinka ce.

Abin da ya fi damuna shi ne CNSS. Kamfanin yana guje wa nasa kason na kuɗin da ake zubawa a can ne, wanda ya fi na ma'aikaci nauyi nesa ba kusa ba. Yau in lantarki ya ja ka a bakin aiki, Allah ya kiyaye, babu kuɗin haɗarin aiki, babu kuɗin iyali, kuma shekarun nan ba za su shiga lissafin fanshonka ba. Matasa da yawa sai furfura ta fito suke gane wannan.

Kada ka fara da rigima. Tara shaidu tukuna: saƙonnin WhatsApp da ake ba ka umarni, rajistar shiga da fita, katin aiki, shaidar biyan da ke zuwa daidai kowane wata. Sannan ka yi wa shugabanka magana cikin ladabi a gyara takardar. In an ƙi, ka je wurin sufeton ƙwadago na jihar Yamai, shi ke fara sasantawa. In sulhu ya gagara, kotun ƙwadago na da ikon mayar da kwangilar ta zama ta ɗaukar aiki, CNSS kuma ta bi kamfanin bashin abin da bai zuba ba. Ka gaggauta, don neman haƙƙin albashi yana da wa'adi.