Tambaya da Amsa: Wace tsaraba zan yi a babbar kasuwar Maraɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Katsina ce, kuma zan je Maraɗi bikin 'yar ƙanwata bayan kaka. Ina so in shiga babbar kasuwa in yi tsarabar kayan abinci, amma ba na so in ɗauko abin da daga wajenmu aka kai shi. Me ƙasar take nomawa da kanta, kuma yaya ake ciniki? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah Ya sanya alheri. Tsoronki yana kan hanya, domin kaya masu yawa da za ki gani a shaguna ta Jibiya da Ɗan Isa suka shigo, wato hanyar da ke ma za ki biyo. Saboda haka ki wuce shagunan kwali da gwangwani, ki nufi wajen mata masu tallar kwano da masu awo. Kasuwar tana ci kullum, amma ta fi cika ran Litinin da Juma'a, lokacin da mutanen ƙauyuka suke shigowa da amfanin gona, kuma gara ki yi sammako kafin rana ta take.

Ki fara da gyaɗa, domin cinikinta ne ya ɗaga Maraɗi tun zamanin Turawa, kuma har yau mata suna matse mai a gida suna toya ƙuli-ƙuli. Kada ki sayi ƙuli-ƙulin sai kin karya guda kin shinshina: mai kyau yana karyewa ƙaras, yana ƙamshin suya, wanda ya kwana biyu kuwa yakan yi laushi da warin tsohon mai. Man ma ki nemi a ɗiga miki a tafin hannu, tunda wanda aka gauraya da na kanti ƙamshinsa ba ya kai wa hanci. Sai aya, wadda jihar Maraɗi ta yi suna da nomanta, akwai manya akwai ƙanana. A ganina ƙananan sun fi zaƙi idan dakuwa za ki yi. Busasshen zogale na lambunan Jiratawa, kudu da gari, ba shi da nauyi a kaya kuma ba ya lalacewa da wuri. Gero da wake sababbi ne a wannan lokaci, sai dai kuna da su a gida. Albasar Galmi da tattasan Diffa na Nijar ne, amma baƙi ne a Maraɗi kamar ke.

Awo da tiya ake yi kamar a Katsina, don haka idonki ya tsaya a kan cikar kwanon, kuma neman gyara ba abin kunya ba ne. Inda baƙi suke ruɗewa shi ne lissafin kuɗi, domin ba a faɗin farashi da sefa ɗai-ɗai, sai da dala, kuma dala guda sefa 5 ce. Idan mai ƙuli-ƙuli ta ce miki dala ashirin, sefa 100 take nufi. Dala ɗari sefa 500 ce, jika kuwa 1,000. Ki canja nairarki wajen 'yan canji kafin ki fara taya kaya, kuma a ranar farko ki tafi da ɗaya daga cikin 'yan gidan biki ta riƙa yi miki lissafi.