Mai sharhi, mai suka da ɗan bambaɗanci: amsoshin wannan mako

Tambaya: Malam, waɗanda ke rubutu kan wasannin bidiyo a jaridun ƙasashen waje suna ba su maki, "masu suka" zan kira su?

A'a, ɗana. Wannan cuta ce da ta kama masu fassarar labarai, har ta kai duk wanda ya buɗe baki kan aikin wani sai a ce ya yi suka. Suka daga soka take, irin ta mashi ko wuƙa. Mai suka da niyyar illa ya fito. To wanda ya buga wasa ya yaba, ya ba shi 9 cikin 10, wa ya soka?

Muna da sharhi, aro daga Larabci. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san matani daban, sharhi daban: sharhi buɗe abin da ya shige duhu ne. Wanda ya buga wasa ya faɗa maka yadda yake da ko ya cancanci kuɗinka, mai sharhi ne. Akwai kuma tarke, wanda masana adabi ke amfani da shi, wato bin diddigin aiki a ware kyau da aibi bisa hujja. A 2018 Dan Houser na kamfanin Rockstar ya ce sun yi aikin awa 100 a mako wajen kammala wasan Red Dead Redemption 2, daga baya ya ce shi da 'yan tsirarun marubuta yake nufi. 'Yan jaridar da suka je suka tambayi ƙananan ma'aikata yadda ake kwana a ofis, tarke suka yi.

Sai na huɗu, wanda ba ka tambaya ba amma shi ya fi yawa: bambaɗanci. Maroƙin gargajiya ya fi su gaskiya, domin shi a fili yake karɓar kyautarsa. Makin nan da kake gani kuɗi ne. Shafin Metacritic yana tattara makin jaridu ya fitar da matsakaici, kuma kamfanin Obsidian ya rasa ƙarin ladan aikinsa kan wasan Fallout: New Vegas na 2010 saboda wasan ya sami 84 cikin 100, alhali sharaɗin 85 ne. Mai sharhin da ya san cewa maki ɗaya na iya hana mutane abinci, hannunsa zai yi nauyi. Ni ina ganin shi ya sa 7 cikin 10 ta koma kamar zagi a wannan sana'a, abin da a makaranta muke sa wa yaro albarka a kansa.

Tambaya: Malam, "kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski" ya shafi ɗan jaridar da kamfani ke ba wasa kyauta?

Ya shafe shi, amma ki lura, malama, karin maganar ba ta zargin wanzami da cin hanci. Cewa take ka karɓi lada, to aikin da kake ƙyama ya hau kanka. A Nuwamban 2007 shafin GameSpot ya sallami mai sharhinsa Jeff Gerstmann bayan ya ba wasan Kane & Lynch maki 6 cikin 10, a daidai lokacin da tallan wasan ya cika shafin. A 2012 Gerstmann ya tabbatar cewa matsin lambar masu talla na cikin dalilan. Gidan jaridar ne ya ci ladan, aka miƙa wa marubuci aska, ya ƙi.

Kuma "ladan" ake cewa. Masu cewa "kuɗin kuturu" su daina.

Tambaya: Wace karin magana ta dace da biyan kuɗin wasa tun bai fito ba?

Cinikin biri a sama. A Disamban 2020 kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan ya ba masu sharhi wasan Cyberpunk 2077 na kwamfuta kaɗai kafin fitowarsa. Suka yaba, masu na'urar wasa ta PlayStation 4 suka saya suka tarar da shi cike da matsaloli, har Sony mai PlayStation ta cire shi daga kantinta sai Yunin 2021 ta mayar.

Tambaya: "Wasan bidiyo" ne ko "wasar bidiyo"?

Duka biyu. Bakano zai ce wasan, Basakkwace ya ce wasar. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, kada ka fara sakin layi a Kano ka ƙare a Sakkwato.

Tambaya: Yaranmu "gem" suke cewa. Hausa ce?

Ta shiga baki, har ana "buga gem", kuma harshen da ya haɗiye mota da rediyo ba gem ce za ta shaƙe shi ba. A hira ka faɗe ta. A rubutu ni dai wasa nake sawa.